Dami a Layin Buhu

Shekara biyu na yi ina aikin shigar da bayanai a wani ƙaramin ofishi mai tallafa wa manoma a Birnin Gwari, kuma duk zamana a wurin babu abin da nake taƙama da shi kamar layi na uku. A jadawalin da nake haɗawa a kwamfuta, kowane ƙauye yana da layinsa a kwance, sannan ga layuka na tsaye, waɗanda a ofis muke ce wa kolom. Na farko amfanin gonar bara, na biyu na bana. Na ukun nawa ne, don babu wanda ya ɗauko shi daga ƙauye, ni nake sa manhaja ta fitar da shi: a cire na bara daga na bana, a raba abin da ya fito da na bara, a ninka sau ɗari. Sai ka ga bambancin, kashi kaza cikin ɗari. In ƙari aka samu, koriyar kibiya ta kalli sama, in ragi ne, ja ta kalli ƙasa. Iyakar abin ke nan. Amma a lokacin, in ka ga yadda nake juya kujera, sai ka rantse ni na ƙirƙiro lissafi.

Ban daɗe da dawowa daga Zariya da difloma ba, kaina a kumbure, zuciyata kuma a kusa take tun ina ƙarama. Duk ofishin ni kaɗai na iya manhajar da ke mayar da lambobi zane, sanduna da launuka, irin wanda ake haskawa a bango da majigi in baƙi sun zo. Wannan ya sa ake lallaɓa ni, ni kuma na ɗauki lallaɓawar kamar haƙƙina ne. In mutum ya tsaya a kaina yana tambaya, sai in amsa masa ko ɗagowa ban yi ba. Innata ta sha gaya mini cewa bakina zai ja mini, ina jin ta ina tsaki a ciki.

Lambobin da nake ci da su, malaman gona ne ke kawowa a fom, kowa da ƙauyukansa. Mafi tsufa a cikinsu wani dattijo ne ɗan ƙabilar Gbagyi, mu Bagware muke cewa, Kirista, daga wani ƙauye a gundumar Tabanni. Ya yi aikin malamin gona da gwamnati har ya yi ritaya, sannan ofishinmu ya ɗauke shi. Kowa Baba yake ce masa, har shugabanmu. Ba shi da abin duniya, in ka cire tsohon mashin ɗinsa da ake jin zuwansa tun daga bakin titi. Abin da yake da shi magana ce. A yankinsu in mutum biyu suka yi rigima a kan iyakar gona, Musulmi ne ko Kirista, Baba ake aikawa a kira. Ya zo ya zagaya, ya duba kututture da tsofaffin kunyoyi, ya sa ƙafa ya ce nan ne. Kuma nan ɗin ne, ba a ƙara ta da maganar. Shekara talatin da wani abu ya yi yana tara wannan yardar, kuma ita ce na taɓa.

Abin da ke haɗa ni faɗa da shi rubutun gefe ne. Baba ba ya iya cika fom ya bar shi haka. A gefen kowace lamba sai ya ƙara labari: ruwa ya ɗauke sati uku a nan, shanu sun shiga wannan gonar, mai wannan ya gudu Funtuwa da iyalinsa. Takardunsa kamar wasiƙa suke. Ni kuwa gidajen lamba kawai nake so in gani a cike, in kwashe in wuce, saboda haka da na ga tarin takardunsa raina yake fara ɓaci.

A shekarun nan hanyar ƙauyukan bakin daji ba ta biyuwa yadda mutum ya ga dama. Ƙauyuka huɗu na Baba suna can, kuma babu mai zuwa sai shi. Yakan bar mashin a wani gida, ya sa tsofaffin kayan gona, ya cusa fom a buhun taki, ya ƙarasa a ƙafa kamar mai zuwa duba gonarsa. Duk na san wannan. Sanin bai hana ni yi masa tsawa ba ranar da ya kawo takardun kaka.

Da hantsi ya shigo, ya cire hula, ya gaishe ni kamar ni ce babba.

"Malama, an tashi lafiya? Ga takardun mutanena. Amma akwai 'yar magana a kai. Bana ba su yi sussuka ba, saboda..."

"Baba, ajiye kawai."

"To, ai maganar ita ce..."

"Don Allah, Baba. Kwamfuta ba ta cin labari, lamba take ci."

Ya yi dariya, irin wadda manya ke yi in ƙarami ya yi musu rashin kunya suka ga bai kai a biye masa ba. Ya ce, "To, Allah ya sa ta ƙoshi. Na dai rubuta miki a sama, ki duba." Ya mai da hularsa ya fita.

Na kuwa duba. Wannan ne abin da na daɗe ina so in manta. A saman kowane fom, da shuɗin biro, da manyan baƙaƙe, har ya ja layi biyu a ƙasa: A DAMI AKA ƘIRGA, BA BUHU BA.

Ni 'yar gidan noma ce, ba sai an yi mini bayani ba. Dami dawa ce a zangarniyarta, an ɗaure, ba a sussuke ba. Buhu tsaba ce zalla. Sai an sussuke dami uku ko huɗu kafin a cika buhu ɗaya, ya danganta da hannun mai ɗauri. Bara ofishinmu ya kai musu aron injin sussuka, aka ƙirga a buhu. Bana inji bai shiga ba, su ma kuma sun yi wayo. Buhu, 'yan bindigar daji na zuwa sai su ɗora bibbiyu a mashin su wuce, amma dami a cikin rumbu wahalar ɗauka gare shi. Sai suka bar dawarsu a ɗaure, mata na ciro dami ɗaya-ɗaya suna sussukawa a turmi gwargwadon tuwon 'yan kwanaki. Da Baba ya tambaye su abin da suka samu, da dami suka faɗa masa, shi kuma ya rubuta abin da aka faɗa masa, bai ƙara ba bai rage ba.

Kolom ɗin bana lamba kawai yake karɓa. Na zuba lambobin yadda suke, na ce gobe in Baba ya leƙo sai in tambaye shi dami nawa ne buhu a wajensu, in raba. Gobe ta yi, Baba ya koma ƙauye inda waya ba ta shiga. Mahaifina kuwa kullum bayan la'asar yana zaune a ƙofar gida, tambaya ɗaya ce da ya ba ni amsa. Ban yi ba. Hankalina ya tafi wani wuri, domin a satin ne shugaba ya ce manya daga Kaduna, masu ba mu tallafin, za su zo, kuma yana so su ga bambancin bara da bana a bango, ƙauye-ƙauye.

Kwana biyu na yi a kan layi na uku, kuma na yi aiki mai kyau, wannan ba zan danne wa kaina ba. Ƙauyukan da bara ba su noma komai ba sun ƙi lissafuwa, tunda ba a raba abu da sifili, sai na sa manhaja ta rubuta musu "babu na bara" maimakon ta cika allo da alamar kuskure. Waɗanda bana ba a samu zuwa ba, na hana ta ɗaukar gidan da ba komai a matsayin sifili, don kada a ce sun yi asarar kashi ɗari bisa ɗari alhali zuwa ne ba a yi ba. Na sa alamar ƙari da ta ragi a gaban kowace lamba, na share tarkacen lambobin bayan ɗigo, na yi sanduna masu tashi daga tsakiya, masu ƙari su yi dama, masu ragi su yi hagu. Har kore sau uku na canza, wai na farkon ya yi kama da miyar kuka. Duk wannan taka-tsantsan na yi. Sannan na danna a jera su daga babba zuwa ƙarami.

Ja ne ya cika allon, don damina ba ta yi kyau ba, gonaki da yawa kuma ba a shiga ba. Amma can sama ga ƙauyuka huɗu kore shar, sandunansu sun kusa fita daga allo. Tun kafin in karanta sunayen na san na Baba ne. Na buɗe na farko na ga wani manomi: bara goma sha biyu, bana talatin, ƙarin kashi ɗari da hamsin cikin ɗari. Buhu goma sha biyu ne da dami talatin. Dami talatin kuwa da ƙyar su ba da buhu takwas. Mutumin da ya rasa kashi ɗaya cikin uku na abincinsa, na mai da shi wanda ya fi kowa samu a ƙaramar hukuma.

Abin da ke damuna da layi na uku har yau shi ne, ba ya faɗin da me aka auna. Da zarar an raba an ninka, babu buhu babu dami, sai kashi kaza kawai, tsaf da shi, an sa masa launi. Wanda ke kallon bango ba shi da inda zai kama ya yi tambaya. Mutum ɗaya ne ya san abin da ke ƙarƙashi, wanda ya zuba lambobin, kuma ni ce.

Ina shirin komawa in gyara sai na ji shugaba a bayana. Shi ba mugun mutum ba ne. Wata uku ya yi yana fargabar manyan za su ga ja su rufe ofishin, dukanmu mu koma gida.

"Tsaya, Malama, koma sama. Waɗannan na Baba ne? Allahu akbar! Ashe muna da abin nunawa."

Na ce, "Yallaɓai, akwai..."

"Akwai me?"

Na kalli fuskarsa, na kalli allon da na yi kwana biyu ina yi wa kwalliya. In zan faɗa, sai in faɗi cewa ni, mai yi wa mutane tsawa a kan lamba, na zuba dami a layin buhu. Na ce, "Akwai ɗan gyaran launi da ya rage."

Ranar taron aka haska allona a bango. Aka yi ta bin ja ana jimami, da aka zo kan kore ɗakin ya ɗauki tafi. Wata hajiya cikin baƙin ta tambayi wane ne malamin waɗannan ƙauyukan, shugaba ya ce Baba ya miƙe. Yana can baya, bai zo da tabarau ba, bayanin kuma da Turanci ake yi da sauri-sauri. Ya miƙe, hula a hannu, yana murmushi yana sunkuyar da kai. Daga baya na ji cewa ya ɗauka yaba masa ake yi don ya shiga inda kowa ya ƙi shiga. Ni ma aka tafa mini, aka ce aikina ya fi na wasu manyan ofisoshi tsabta. Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi, har na kira ƙawata a waya na ba ta labari.

Akwai ƙa'ida a shirin, kuma ni na buga ta da hannuna: ƙauyen da amfaninsa ya ƙaru sosai an yaye shi ke nan, iri da takin damina mai zuwa sai a kai wa masu ja. Na san da ita sarai. Na riƙa gaya wa kaina cewa kafin rabo ai za a tura wani ya duba, shi zai gano, a gyara sunana bai fito ba. Ba a tura kowa ba. Wa zai bi wannan hanyar don ya binciki labari mai daɗi?

Da bazara ta kama, sunayen masu samun iri suka fito, babu ƙauyukan Baba. Bayan kwana uku dattawa bakwai suka iso ofis, mai unguwa a gaba, Baba a bayansu. Ina ɗakina, ƙofa a buɗe, ina jin komai. Mai unguwa ya ce rumbunansu sun kusa ƙarewa, wasu gidajen har sun fara cin irin da suka ajiye, me suka yi aka cire su? Shugaba ya ɗauko zanen da aka buga a takarda ya shimfiɗa musu a tebur. Ya ce ba shi ya cire su ba, abin da malaminsu ya rubuta ke nan, sun ninka na bara har da ɗori.

Sai na ji muryar mai unguwa yana yi wa Baba magana, ba da ƙarfi ba.

"Malam, mu ka sayar aka tafa maka?"

Baba ya ce shi dami ya rubuta, kuma ya faɗa a saman takarda. Shugaba ya ƙwala mini kira. Na shigo, kowa ya juyo yana kallona.

"Malama, ina fom ɗin Baba?"

"Suna cikin kwalaye, Yallaɓai, sai an nema."

Suna cikin durowata ta ƙasa, ni na ware su tun ranar taro.

"Da kika shigar, kin ga wani rubutu a kan dami?"

Na ce, "Ban lura ba."

Baba ya dube ni. Ba harara ba ce. Da harara ce da na ji sauƙi, don na iya mayar da harara. Dubana kawai ya yi, ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya juya wajen shugaba ya ce, "To, ranka ya daɗe." A ranar aka dakatar da shi, wai har a gama bincike, binciken da kowa ya san ba za a fara ba.

Sati biyar na riƙe maganar. Ina zuwa aiki, ina sallah, ina cin abinci, faɗana ma ya ƙaru, don na lura in ina faɗa ba na jin abin da ke cina. Sau ɗaya na hango shi a kasuwa yana taya fartanya, na juya na shige layin 'yan atamfa na tsaya ina taɓa abin da ba zan saya ba har ya wuce. Labari kuma yana iso ni ko ban nema ba. Wani malamin gona ya ce yanzu in Baba ya gifta majalisa a ƙauye, sai wani ya tafa sau biyu a kwashe da dariya. Ya ce an yi rigimar iyaka tsakanin wasu 'yan uwa, gonar tana kallon gidan Baba, amma aka tsallake shi aka tafi wani gari neman mai shaida. Wannan ne ya karya ni. Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska na dawo kujerata.

A yammacin ranar na tsuguna a ƙofar gida na tambayi mahaifina dami nawa ke cika buhu a wajen Tabanni. Ko tunani bai yi ba ya ce huɗu, ɗaurinsu ba shi da girma. Ya ce, "Lafiya? Noma za ki fara?" Na ce aikin ofis ne. Washegari na buɗe jadawalin na raba lambobin Baba da huɗu. Sandunan nan suka juya hagu suka yi ja kamar na kowa. Duk gyaran bai ɗauke ni minti biyu ba.

Na ɗauko fom ɗin na shiga wajen shugaba na ajiye a gabansa, na faɗa masa komai a tsaye. Ya karanta rubutun saman. Sannan ya yi faɗa, kuma na ci a yi mini, ban taɓa shan faɗa na kasa mayarwa ba sai ranar. Da ya huce ya ce iri an riga an raba, ruwan shuka ya sauka, ko ya rubuta Kaduna sai baɗi. Ya ce zai ba Baba takardar dawowa aiki, a ciki a ce an samu kuskure wajen shigar da bayanai, magana ta mutu a nan. Ya ce in tuna da aikina da kuma sunan gidanmu. Na ce ya ba ni takardar ni zan kai.

Na sami Baba a gidan 'yarsa a cikin gari, yana zaune a gindin mangwaro yana ɗaura wa fartanya ƙota. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa takardar, na gaya masa cewa na ga rubutun tun ranar farko, kuma ni na ɓoye fom ɗin. Ya ce ya sani. Ya sa tabarau ya karanta takardar a hankali, ya ninke ta.

"Wannan ta wanke ni a ofis, Malama. Ni kuwa ba a ofis nake zaune ba."

"Zan je in faɗa musu da bakina, Baba."

"Hanya fa?"

"Kai sau nawa ka bi ta?"

Ya jujjuya ƙotar a hannunsa. Can ya ce ranar kasuwarsu motoci na shiga a ayari, in shirya.

A gida na ce aiki ne zai kai ni Tabanni, ban faɗi ƙauyen ba. Muka hau bayan wata a-kori-kura tare da 'yan kasuwa da kayansu. Da aka zo inda hanya ta ratsa gefen daji kowa ya ja bakinsa, ba ka jin komai sai ƙarar mota. Da muka kusa ƙauyen na fara ganin gonakinsu. Shukar ta fito jefi-jefi, irin ta ragowar hatsin da aka kankaro daga gindin rumbu, wasu gonakin kuma rabi kawai aka shuka. Na so in kau da kai, na tilasta wa kaina kallo har muka tsaya.

A ƙofar gidan mai unguwa aka shimfiɗa tabarmi a inuwar ɗorawa, maza a zaune, mata a tsaye daga gefe. Baba ya ce bari ya fara gabatar da ni, sai ya juya harshe zuwa Gwaranci, wanda ko kalma ɗaya ba na ji. Ya daɗe yana magana. Ya nuna ni, ya nuna kansa, ya kwatanta wani abu da ƙafa kamar mai tsallake. Na ga fuskoki suna sakewa. Wata tsohuwa ta ce "ayya" tana kallona. Mai unguwa ya sunkuyar da kai, sannan ya miƙa wa Baba hannu biyu, suka daɗe a riƙe da juna.

Aka ce in yi magana. Tun daga gida nake maimaita abin da zan faɗa: na gani, na sani, na yi shiru, na yi ƙarya. Da na miƙe, tsoro ya sa na ɗauko ta daga nesa. Na hau bayanin layin bara da layin bana, yadda ake cirewa a raba a ninka, yadda dami talatin ya zama ƙari alhali ragi ne. Suna gyaɗa mini kai don kara. Da na zo gaɓar na ja numfashi na ce, "Kuma gaskiyar magana, rubutun da Baba ya yi a saman takarda, ni..."

Baba ya ɗaga hannu. "Ya isa, Malama, sun gane. Rana na yi, motoci za su juya."

Mai unguwa ya nemi gafarar Baba a gaban kowa, liman ya yi addu'a, Kiristoci suka ce amin tare da mu. Aka kawo mini ruwa, aka ƙulla mini gyaɗa a leda, mutanen da na hana iri. Na zauna, kuma ba zan ɓoye ba, da Baba ya tare ni wani sanyi na ji a raina.

Shi ya tsaya a ƙauye, ni na biyo mota. Kusa da ni wata mata ce mai sayar da daddawa, tana cikin waɗanda suka tsaya a gefe ɗazu. Da muka wuce wurin da ake tsoro mutane suka fara hira, ita kuma ta dafa gwiwata.

"Ki daina damuwa, 'yata, duk fuskarki ta faɗa. Ai Baba ya yi mana bayani. Ya ce wajen tsallake rafi santsi ya kwashe shi, buhun ya jiƙe, rubutun saman ya wanke, shi kuma bai duba ba ya miƙa miki. Ya ce rabi laifinsa, rabi na rafi. Ke ina za ki ga abin da ya goge? Mu dai tunda Baba ya faɗa, shi ke nan. Mutumin nan bai taɓa yi mana ƙarya ba."

Takardun nan ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Mutumin da na sa aka kira maƙaryaci alhali bai yi ƙarya ba, yau ya tsaya a gaban mutanensa ya yi ta gaske saboda ni, kuma sun yarda da shi. Kunya ta rufe ni.

Matar tana kallona, tana jira in ce wani abu. Babu Baba a motar balle ya ɗaga mini hannu, babu shugaba, babu mai hana ni. Mutum takwas ne daga ƙauyen a bayan motar, kuma duk za su ji. Ta girgiza gwiwata ta ce, "Ko ba haka aka yi ba?"

Na ce, "Haka ne, Mama."